Itacen Kirfar Gado

Gado mutumin Jiratawa ne. A kasuwar Maradi na san shi, inda nake kasa kayan yaji. Yakan kawo mini busasshen barkono daga gonarsa ta noman rani, wadda kwaperatib, ƙungiyar manoma, ta ba shi tun lokacin da aka gina kanal, hanyar ruwan ban gonaki. Da ita yake ci da gidansa, ba shi da wata. Ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka, shi ya sa zamanmu ya zo ɗaya.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kirfa ta yi tsada, har matan da ke dakan yajin jego suka koma sayen guntu kamar ɗan yatsa. Gado ya ga haka a rumfata. Ya ɗauki ɓawon ya sansana, ya tambaye ni daga ina take zuwa. Na ce daga nesa, ta jirgin ruwa.

Bayan wata biyu sai ga shi da wani dashe cikin gwangwani. Wani direban Kwatano ne ya sayar masa, ya rantse itacen kirfa ne. Har ya koya masa aikin: in ya shekara biyar, a sare reshe da damina, a kankare bayansa, a ɓare ɓawon ciki, a shanya a inuwa ya naɗe da kansa. Ni ban taɓa ganin kirfa da ganyenta ba, sai na yi shiru.

Ya dasa shi gab da kanal. Shekarun nan kuwa ba su yi daɗi ba. Yau yajin aiki, gobe a ɗauke wuta, famfo ya tsaya, ruwa sai bi da bi. In layi ya zo kan Gado, itacen yake fara ba, barkono ya sha abin da ya rage. Maƙwabta suka sa masa suna Alhaji Kirfa.

Da itacen ya yi fure, matarsa Tsahara ta je ta gani.

"Malam, irin shi fa na gani jere bakin titi a Maradi, da huren nan rawaya. Awaki ke kwana ƙarƙashi."

"Ke da Maradi sai ranar biki, mi kika sani?"

"Na san kwana uku muna cin tuwo da miyar kuka tsura."

A shekara ta huɗu saiwa ta fasa kanal. Maman Lawali, shugaban komiten kwaperatib, ya same shi a gona.

"Baba Gado, ruwan mutum huɗu ke tsiyayewa ƙasa. Ko ka sare shi, ko mu ba wani gonar."

"Ɗana, damina ɗaya ta rage mini."

"Su mutum huɗun, damina za su ci kahin nan?"

Bai sare ba. Da daminar ta zo, aka ba wani gonar. Ranar da zai fita ya yanki rassa uku, ya yi musu yadda direba ya ce, bai tsallake komai ba.

Wata Litinin ya kawo mini ɓawon a ƙulle cikin ƙyalle. Ya naɗe da kyau, a ido sai ka ce kirfa ce. Na sansana, na karya, na sa a harshe. Ɗaci ne kawai.

"Yaya?" in ji shi.

"Gado, ba ita ba ce."

"Ko bai gama bushewa ba?"

"Ya bushe."

Ya zauna gefen tabarmata har la'asar. Sannan ya nemi motar Jiratawa.

Sau biyu yana roƙon komite wata gonar, aka ce layi da tsawo. Ya koma ƙwadago, yana cire ciyawa a gonakin yaran da aka haifa a gabansa. Tsahara ta tafi wajen ɗiyarsu a Tsibiri. Da bayansa ya ƙi aiki, shi ma ya bi ta, kuma a can ya rasu.