Kelemen Bai Taɓa Hawa Dutsen Ba

"Ke, wannan ɗauri haka, ƙaura za ki yi ne?"

"Kwana uku a hanya, so kike in ci iska? Burodi ne da kabeji, sai takalmin canji."

"Da tukunya. Ga kunnenta nan ya leƙo. Ki ji tausayin goɗiyar nan mana, ta kusa girmarki."

"Daga bana ta huta. An ce baɗi mota ce za ta kwashi kaya."

"Mai ita ya sani?"

"Wa zai faɗa masa? Aikin Fada ne, shi ya iya lallashi."

Ni ne Fadan, limamin cocin garin. Ina cikin ɗakin da nake sa rigar sujada, taga a buɗe, na ji matan nan biyu sarai. Gaskiyarsu ce. Dattawan ikilisiya sun yanke maganar tun kafin idin Ista, suka ɗora mini isar da ita, ni kuwa na yi ta ɗagawa daga wannan Lahadi zuwa waccan har ranar tashi ta zo.

Mai goɗiyar shi ne Kelemen. A ƙarshen garinmu Kerekfalva na ƙasar Romaniya yake zaune, bayan gada, unguwar da ake kira ta 'yan Tsigan, ƙabilar da ake wa kallon raini, inda kwalta take ƙarewa. Duk shekara in za mu taka zuwa dutsen Somlyo domin idin Fentikos, tutar coci tana gaba, masu kaɗa ƙananan ƙararrawa suna biye, sai maza, sai mata, can baya kuma keken dokin Kelemen da kayan kowa. Ubansa ne ya fara. A zamanin da gwamnati ta hana fita da tuta, uban nan a ƙarƙashin ciyawa yake ɓoye ta, ya wuce gaban 'yan sanda yana fito. Kelemen ya karɓi ragama yana ɗan ashirin da biyu. Bana shekararsa arba'in da ɗaya a kan aikin.

A coci bencin bakin ƙofa ne nasa. Ba wanda ya ce ya zauna nan, ba kuma wanda ya taɓa matsa masa a gaba. Amma mutanen da ba sa haɗa kafaɗa da shi ranar Lahadi, su ne suke miƙa masa jakunkunansu da maganin hawan jininsu ba tare da sun waiwaya ba. Ko allura ba ta taɓa ɓata a kekensa ba. Shekara goma sha tara ina wa'azi a garin nan a kan matalauta da waɗanda aka bari a baya, yana can bakin ƙofa da hula a gwiwa yana gyaɗa mini kai.

Rana ta biyu a hanya, da tsakar rana, muka yada zango a bakin rafi. Na same shi yana shayar da goɗiyar, Rigo, yana tari irin wanda ya kama shi tun sanyin bara.

"Baba Kelemen, akwai magana."

"Ta mota? Na sani, Fada. Matan garin nan in sun yi raɗa har bayan gada ana ji." Ya shafa wuyan Rigo. "Ba komai. Ita ma ta gaji, kunya ce ta hana ta faɗa."

Sai na ji sauƙi, bakina ya saki. Na ce baɗi zai zo kamar babban mutum, a kujerar gaba, ya hau dutse hannu a aljihu, ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"Inda na saba?" Ya dube ni, ba da fushi ba. "Fada, ai ban taɓa hawa ba."

Na ɗauka wasa yake. Ya ce to wa zai tsaya da doki? Keke a gindin dutse yake tsayawa, kowa ya san wannan. Dubban mutane, ga ƙararrawa ta ko'ina, doki sai da mai riƙe shi, kaya sai da mai gadi. Ubansa ma har ya rasu bai ga saman ba.

"In iska ta juyo, waƙar tana saukowa," ya ce. "Baiti ɗaya, biyu, sai ta ɗauke. Piroska ce take hau mana. In ta sauko, kafin ta cire takalmi sai ta zauna nan kan katakon keke ta ba ni labari. Wai fili ne tsakanin tudu biyu, kamar sirdi. Wai mutane kamar an zubar da buhun wake. Wai in kowa ya durƙusa lokaci ɗaya, ana jin ƙarar gwiwoyi a kan ciyawa. Ni wannan ne ban yarda ba, Fada. Gwiwa a kan ciyawa, har a ji?"

Piroska matarsa ce. Ni na binne ta shekara huɗu da suka wuce. Tun daga nan, in jama'a sun sauko, wani ya miƙa masa ɗanyen reshe cikin waɗanda ake tsinkowa a sama, ya ce masa sannu da jira, shi ke nan.

Na ce to baɗi ai ga dama.

Ya buga ƙirjinsa da yatsa biyu. "Likita ya saurari nan. Mota ba ta hawa dutsen, Fada, ƙafa ce da numfashi. Bana ina jin zan iya, in na huta sau uku ko huɗu. Baɗi kuwa ban sani ba."

Na ce ni zan riƙe masa ragamar.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Rigo ba ta shiri da mai baƙar riga, cizonka za ta yi. Kuma in ka tsaya nan ni na hau, wa zan gani a bagade yana jan sujada? Baƙi? Mutum biyu take yarda da su a duniya, ni da wanda aka haife ta a gidansa."

Wato Domokos, shugaban dattawan ikilisiya, mai ɗaukar tuta. Ajinsu ɗaya da Kelemen a firamare, an ce tare suke satar 'ya'yan itace a lambun wani Fada da ya riga ni. Yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma da ka.

Da la'asar, ana cin burodi da kitsen alade a farfajiyar cocin da muka sauka, na kawo maganar wanda zai riƙe wa Kelemen doki ya hau dutsen. Etelka, mai tukunyar nan, ita ta fara.

"Allah ya ba Fada lafiya, dubi ƙafata. Bororo uku. Na yi alkawari saboda jikana da ke Jamus, shekara shida bai taka Romaniya ba. In zo har nan in tsaya da doki?"

Kowa da alkawarinsa, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Na juya wajen Domokos. Ya goge wuƙarsa a jikin wando, ya ninke ta.

"Kakana ya hau da tutar nan, ubana ya hau da ita. Ban taɓa miƙa ta ga kowa a gindin dutse ba."

"'Yarka tana nan. Ta fi ka ƙarfi."

"Ta fi ni baki dai." Aka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. "Wa ya hana shi hawa, Fada? Ni? Shekara arba'in, ya taɓa buɗe baki ya tambayi wani? Mu mun ɗauka ya fi son zama da dabbarsa. In yana da magana, ya san sunana. Ba sai ya aiko limami ba."

Ni ma abin da na ɗauka ke nan, in ma na taɓa tunanin abin. Na kai wa Kelemen amsar yadda aka ba ni, ban rage ba. Yana gyaran wata igiya, bai ɗago ba.

"Ubana ya ce mini, kada ka roƙi mutanen cikin gari abin da ba su miƙo ba. In sun hana, ka rasa abin, ka rasa gaisuwar."

"In sun bayar fa?"

Ya ci gaba da igiyarsa.

Safiyar Asabar muka iso gindin dutse. Garuruwa suna ta kwararowa, tutoci suna sunkuya wa juna, ƙararrawa ta cika kunne. Kelemen ya ja keken zuwa ƙarƙashin bishiyar da yake tsayawa kullum, ya sa wa Rigo jakar hatsi. Na lura ya canja riga. Fara ce, an goge ta, wuyanta ya yi masa yawa.

Mutanenmu suka jeru. Domokos ya ɗaga sandar tuta ya kafa ta a ɗamararsa, 'yarsa tana gefensa. Masu ƙararrawa suka fara kaɗawa. Ina gaba da littafina, ina ta jan ƙafa kamar mai gyaran takalmi, har Etelka ta tambaye ni ko dutsen ne zai sauko ya same mu.

Sai na ga layin mata yana darewa. Kelemen ne yake ratsowa, hula a hannu ɗaya, ragama a ɗayan, goɗiya da keke da kayan gari duka suna biye da shi. Ya wuce mata, ya wuce maza, wuraren da bai taɓa takawa ba a cikin jerin nan. Ƙararrawa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya gaban tuta yana haki, sai da ya jira numfashinsa ya dawo.

"Domokos," ya ce, ya miƙa ragamar. "Riƙe mini ita zuwa azahar, don Allah. Ina so in je in gani da idona."