Baƙon Da Na Tsaya Wa a Bani Malik

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Allo na yi, sai 'yan ajujuwa, daga nan na kama aikin gidanmu. Aikin gidanmu kuwa saukar baƙi ne. Ubana mai masauki ne a unguwar Bani Malik da ke Jidda, abin da na gada ke nan: ɗakuna a ƙasa, ɗakuna a sama, katifu jibge a lungu, da tukunyar da ba ta sauka daga wuta. Alhazai da fatake daga Nijar da Chadi da Najeriya su sauka, mu kai su kasuwa, mu haɗa su da masu kaya. In ɗan kasuwa bai san baƙo ba, mai masauki yake duba. Mai masauki ya ce, "Na tsaya masa." Halas, an gama magana. In baƙon ya gudu da kaya, kai za ka biya. In wata rana kai ne ka je garinsa, shi zai tsaya maka. Haka na tashi na gani, na kuma ɗauka haka duniya duka take tafiya.

Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai zo hajji. Guzuri ya ƙare masa a tsallaken Bahar Maliya, ya zauna can yana noma yana dako, can aka haifi ubana. Sai da ubana ya yi gemu sannan ya ƙetaro Jidda. Fasfon da ya zo da shi na gwamnatin da ke riƙe da yankin da aka haife shi ne a lokacin. Ni ma da aka haife ni a nan, irinsa aka yi mini. Ban taɓa taka ƙasar ba, amma a jikin wannan fasfo iƙamata take, wato takardar izinin zamana a nan. Wanda ya zauna a garin nan ya san abin da nake nufi. In babu iƙama, babu aiki, babu asibiti, babu makaranta, ko bakin titi sai ka leƙa kafin ka fita.

Mutanen wancan yanki na tsallake suna yaƙi da gwamnatin, suna son ƙasa tasu ta kansu. Tun ina yaro nake jin zancen a rediyo, bai dame ni ba.

Ubana bai daɗe da rasuwa ba, ina sabon ango, sai ga wani mutum a ƙofa, siriri, da tabarau, da jaka ɗaya. Ya ce ubansa maƙwabcin kakana ne a can tsallake. Ya faɗi unguwar, ya faɗi rijiyar bakin masallaci. Innata tana bayan labule ta ce, "Gaskiya ne, haka marigayi yake faɗi. A ba shi ɗakin sama." Masu yaƙin ne suka turo shi ya zama wakilinsu a Jidda. Ustaz muke kiransa.

Wakili ne da ba shi da ofis, ba shi da mota, ba shi da tuta sai wata 'yar ƙarama a cikin jaka. Innata ta sa masa suna jakadan babu. In ya sauko da safe sai ta ce, "Jakadan babu, an tashi lafiya? Yau wace gwamnati za a kayar, ko a bari sai an sha koko?"

Shi kuma, da yake khala yake kiranta, wato inna, sai ya ce, "Ya khala, wannan tuwon naki da za ki ba mu shi mu kai fagen daga, da mun gina katanga da shi."

"Ka cinye katangar tukuna, sannan ka zage ta."

Ina son mutumin, ba zan ɓoye ba. Yana da haƙuri irin wanda ban taɓa gani ba. Manyan ofisoshi ba sa karɓarsa, don a takarda ƙasarsa babu ita. To sai ya koma bin mutane a inda ba a korar kowa: ɗaurin aure da zaman makoki. Nan amfanina ya fito. Gidanmu sananne ne, ana gayyatarmu. In na ji wani babba ya yi rashi, kuma jakadu za su je gaisuwa, sai in ɗauko alkyabbar ubana in yafa wa Ustaz, mu hau motata ta ɗaukar kaya, mu ajiye ta can nesa kada a ga a me muka zo. Ya shiga ya zauna kusa da wanda yake nema, ya sha gahawa, ya yi ta'aziyya, a hanyar fita wajen neman takalma ya faɗi abin da ya kawo shi. Wani ya saurara, wani ya yi kamar takalminsa ya ɓata. Mu dawo gida ya ce, "Yau mun ci gaba, ya akhi. Ya tambaye ni sunana."

Sai maganar kuɗi. Mutanensu da yawa suna garin nan, direbobi, masu aikin gida, masu gadi. Suna ba da abin da suka samu, mata har da 'yan kunne. Amma ta ina zai ƙetare? Ustaz ba zai iya shiga banki da sunan yaƙi ba. Na kai shi wurin wani tsohon attajiri a unguwar Kurayyat, abokin ubana, mai fataucin gari da taya, wanda ƙanensa ke riƙe da shago a wani gari kusa da iyakarsu. A ba tsoho kuɗi a nan, ƙanen ya ba da gari da magani a can.

Tsoho ya dubi Ustaz daga sama har ƙasa, ya juyo gare ni.

"Ya waladi, wannan mai tabarau fa?"

"Baƙona ne, Ammi," na ce, wato baffa.

"Na ga baƙo ne. Ina ƙasarsa?"

Ustaz ya ce, "Tana tafe."

"Tana tafe? A jirgin ruwa ko a kan raƙumi?" Ya yi dariya har da tari. Sannan ya daina. "Kai nake tambaya, ɗan marigayi. In abin nan ya lalace, wannan ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Taka za a zo."

Na ce, "Na tsaya masa."

Ya ce, "Tayyib. Ubanka bai taɓa faɗin wannan a banza ba."

Daga nan hanya ta buɗe. Wasu 'yan kasuwar ma suka shigo, ba don sun san yaƙin ba, don sun san gidanmu.

Matata 'yar Chadi ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ka ji. Wata rana ina wanke mota ta tsaya a kaina ta ce, "Maigida, fasfon waɗanda Ustaz yake yaƙa ne a aljihunka. In ya ci nasara, kai ɗan ina ne?"

Na ce ta koma ciki. Amma maganar ta zauna mini. Da muka zauna cin abinci na faɗa wa Ustaz. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya ce, "Ubanka a ƙasarmu aka haife shi. Kai namu ne. Ranar da tuta ta tashi, kai ne na farko a layi, kuma ni zan tsaya maka." Da Hausa ya faɗi ƙarshen, Hausar da ya koya a gidanmu. Ban nemi wani abu bayan wannan ba. A wurinmu in mutum ya faɗi haka ba a cewa ya rubuta.

Shekaru suka tafi a haka. Aka haifa mini 'ya mace, shi ya yi mata huɗuba.

Sai yaƙi ya ƙare, suka ci. Na yanka rago. Mata suka cika gidanmu da guɗa har maƙwabta suka leƙo. Innata ta ce, "To, jakadan babu ya zama jakadan akwai." Ba a jima ba Ustaz ya koma wani gida a unguwar Safa, aka ba shi ofis da tuta babba da mota mai sanyi. Ni na kwashe masa kayansa.

Fasfona ya zo ƙarewa, na kai shi inda na saba sabuntawa. Ma'aikacin ya buɗe, ya duba garin da aka haifi ubana, ya turo mini abina ta ƙarƙashin gilashi. Ya ce, "Wannan gari ba namu ba ne yanzu. Kun ce kuna son ƙasarku, ga ta can. Kuma mun san motar da ke kai mutuminku gidajen makoki."

Ban damu ba. Na fito ina cewa a raina, ai daidai ne, ina da inda zan je.

Ofishin sabuwar ƙasa cike yake. Na bi layi kamar kowa. Wanda ke kan tebur saurayi ne da ya fito daga dajin yaƙi, hannunsa ɗaya ba ya miƙewa. Ya ce, "Ƙabila?"

Na ce, "Bahaushe."

Ya ɗago. "Ba ta cikin ƙabilunmu."

"Ubana a can aka haife shi."

"Kawo dattawan da suka san haihuwarsa, 'yan ƙasa, su rantse."

Dattawan da suka san haihuwar ubana duk suna ƙarƙashin ƙasa. Na ce ina son ganin Ustaz. Ya ce ba a cewa Ustaz a nan, ya faɗi wani dogon muƙami. Na zauna a benci har aka yi azahar aka dawo, sannan aka shigar da ni.

Ya taso ya rungume ni. Ya tambayi khala, ya tambayi 'yata da ya yi wa huɗuba. Aka kawo shayi. Na faɗi abin da ya kawo ni, a taƙaice, don a ganina ba abin dogon bayani ba ne. Na ce, "Ubanka maƙwabcin kakana ne. Da bakinka ka faɗa a ƙofarmu. Ka sauko ka faɗa wa yaron nan."

Ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce, "Ya akhi, ban ga haihuwarsa da idona ba. Ji na yi."

"Da jin nan aka ba ka ɗakin sama."

"Wancan gida ne. Nan gwamnati ce." Ya rage murya. "Ba ka san halin da nake ciki ba. Waɗanda suka fito daga daji suna kallonmu, mu da muka zauna a waje. Suna cewa mun sha sanyi a Jidda su suna mutuwa. In na sa hannu wa Takari ɗaya, Bahaushe irinka, gobe za a ce na fara sayar da ƙasa. Ka ba ni lokaci, dokar za ta sassauta."

Na ce, "Iƙamata ba ta da lokaci."

Ya mai da tabarau idonsa. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da ambulan, ya turo gabana. Ya ce gwamnati ta ware wani abu don waɗanda suka ɗauki nauyin wakilanta a waje. Kuɗin ɗaki da na abinci, na duk shekarun.

Wannan ya fi ƙin sa hannun ciwo. Shi ya zauna a gidanmu, ya san bambanci. Akwai wanda ke biyan ɗaki, ya tafi, ba ka binsa ba ya binka. Akwai wanda aka tsaya wa. Da ambulan ɗin nan yake gaya mini wanne ne shi. Na ce, "Ustaz, Innata ba ta sayar maka da tuwo ba." Na tashi, shayin ma ban taɓa ba. Ya biyo ni har ƙofa yana "Isma, isma," wai in saurara, amma bai ƙetare ƙofar ba, don akwai mutane a benci.

Da na gaya wa Innata, ba ta zage shi ba. Cewa ta yi a kwashe katifar ɗakin sama a shanya.

Na gwada ofishin jakadancin 'yan Najeriya. Suka tambaye ni garin kakana da wanda zai shaide ni a can. Sunan ƙauyen kawai muke da shi, ko a wace jiha yake ban sani ba. Ban ga laifinsu ba. Mutum ya bar gida tun kafin a haifi ubanninsu.

Iƙama ta mutu. Kafilina, ɗan ƙasar nan da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya yi haƙuri iya haƙurinsa, sannan ya ce ba zai iya ci gaba da riƙe masauki da sunansa ba alhali mai gudanar da shi ba takarda. 'Yan kasuwa ba su wulaƙanta ni ba, suna ba ni kujera, suna ba ni gahawa. Amma wanda shi kansa yake ɓuya in ya hango motar 'yan sanda, wa zai tsaya wa? Baƙi suka koma wasu gidaje. Muka bar gidan, sama da ƙasa, muka kama ɗaki biyu a bayan unguwa. Na koma dako a Kurayyat, a shagon tsohon nan, har ya rasu.

A ƙarshe ta wajen matata aka samu hanya. 'Yan'uwanta suka yi ta kai da kawowa, shekara da shekaru, har aka ba ni fasfon ƙasarsu saboda aure. Na gode musu, har gobe ina godiya. Da shi nake zaune yanzu, ina tuƙa motar wani kamfani. In na je sabuntawa a yi mini Faransanci in yi ta gyaɗa kai.

Amma takardar ta zo a makare. Lokacin da 'yata ta isa shiga makaranta, ba ni da abin da zan nuna. Kullum da safe tana tsaye a taga tana kallon sa'o'inta da jakunkuna. Da takarda ta samu, ta yi girma da ajin farko, ta ce ba za ta zauna da ƙananan yara su yi mata dariya ba. Ƙannenta sun yi karatu, ita ba ta yi ba. Lalle take yi wa amare, tana da hannu, ana nemanta har Safa.

Ustaz ya yi gaba, an mai da shi wata ƙasa, daga can ban san inda ya yi ba, ban kuma tambaya ba. Na ji an ce dokar ta sassauta daga baya. Ban je na duba ba.

Kwanakin baya 'yata ta kawo mini wayarta, wata mata ta turo mata saƙo a rubuce game da biki. Ta ce da Larabci, "Baba, karanta mini, yaran ba sa nan." Na karɓa, na nisantar da wayar daga idona, na yi ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da ɗan karatun da nake da shi, tana tsaye tana jira.