Gemun Auduga a Hawa na Shida

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da yammacin da na yi tashe ni kaɗai a Dubai ba. Shekarata tara, a 2011, muna zaune a wani dogon bene a unguwar Port Saeed, Baba yana harkar tura kaya Kano.

A benen nan, duk ƙarshen Oktoba yaran maƙwabta sukan yi Halowin: su sa kayan dodanni na kanti, su bi ƙofa-ƙofa ana zuba musu alewa. Na roƙi Umma ta saya mini irin kayan, ta ce ita ba ta haifi aljana ba, khalas, magana ta ƙare. Na yi kuka na ce mu dai ba mu da komai namu. Ta harare ni ta ce wanda bai taɓa ganin tashe ba ne zai faɗi haka. Nan ta ba ni labarin yadda, suna yara a gida, suke shiga irin ta tsofaffi da azumi, suna bin gidaje da waƙa, kuma ba a ba ka ko ƙwayar gero sai ka yi wasa. Har ta rera mini ɗaya, mai bayarwa da amshi.

Ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Ranar Halowin ɗin, ana sallar magariba na zura babbar rigar Baba, na cusa matashi a ciki, na manna auduga a haɓa da man shafawa, na ɗauki gwangwanin madara na fice.

A hawa na shida, hawanmu, na tarar da yaran. Dariya suka fashe da ita. Matar da ke jagorantar yaran ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wannan ba shiga ba ce, in koma gida. Wani maƙwabci ya miƙo mini alewa don tausayi, na maƙe kafaɗa. Ban yi wasa ba, a kan me zan karɓa? Ni ba bara na zo ba.

Na buga gwangwani, na ɗaga murya na ba da waƙa. Sai shiru. A nan na gane wautata: waƙar tashe ba ta tafiya sai da masu amshi, ni kuma ba ni da kowa. Kunya ta rufe ni, gemuna ya fara zamewa, amma na rantse a raina ba zan gudu ba. Na sake bayarwa.

Sai na ji an amsa daga bayana. Umma ce tsaye a ƙofarmu, da ludayi a hannu. Na zaci duka zan sha. Ta ce, "Ci gaba mana. Wa ya ce miki ana tsayawa a tsakiya?"

Muka kai waƙar ƙarshe, tana amshi ina juya tumbin matashi. Kafin mu gama, dodannin kanti suna tafi suna kwaikwayon amshin da ba su san ma'anarsa ba. Sannan na buɗe aljihun rigar Baba na karɓi alewata.

A gida Umma ta ja kunnena, ta ce tashe ba a watan azumi ba, a kaina ta fara gani. Har yau ina kewar gemun nan. Ya koya mini cewa idan aka yi wa abinka dariya, kada ka sassauta murya. Ka sake bayarwa, mai amsa maka yana bayan wata ƙofa.