Kafe mai sanyi da ƙafata ta dama

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shige, ga ni. Tun kafin damina ban rubuta komai a nan ba, har wasu na cewa na yi kuɗi na manta da mutane. Ina ma hakan ne. Duk tsawon lokacin nan a kwance nake, ina roƙon Allah Ya bar mini ƙafata.

Ga wanda bai san ni ba, direba ne ni, ina ɗaukar fasinja daga Madarumfa zuwa Maradi. Ƙafar dama ita ce gonata. Da ita nake taka mota, da ita iyalina ke cin tuwo.

Kun san kafen nan, wato kofi mai sanyi na roba, da ya cika firigo a tasha, mai ƙamshin cakulan, da hoton madara tana zuba a jikinsa. Ni abinci na ɗauke shi. Yana kore barci a hanya, yana kashe yunwa, ga sanyi. Har furar da matata Rabi ke dama mini na bari, wai tana sa ni kasala.

Ƙishirwa ce ta fara, irin wadda ruwa ba ya kashewa. Sai fitsari. Fasinja har tsiya suke mini, wai ko tafkin Madarumfa na shanye. Sai rama, wando ya fara zamewa.

Wata rana na taka ƙusa a gareji. Wallahi ban ji ba, Rabi ce ta ga jini a takalmi. Ciwon ya ƙi warkewa, ya kwantar da ni.

Nan ne abin da in na tuna sai idona ya cika. Mu nan ba a zuwa dubiya hannu rabbana, abin da ran mara lafiya ke so ake kawo masa. Duk tasha kuwa ta san abin da nake so. Kowa ya yi sallama da leda, a ledar kafe ne. Inna, mahaifiyata, ta taso daga Gabi, ta sai da kajinta ta sayo mini har da guzuri.

"Sha, ɗan nan," in ji ta. "Madara ce, ita za ta maido ma jiki."

Da hannunta take buɗe mini. Ina sha, ƙafa tana baƙi, ɗaki yana wari.

Ranar da na kasa gane masu gaishe ni, aka sa ni a motata, wani ya tuƙa mu asibiti a Maradi. Aka soke yatsa, aka auna jini: ciwon suga, kuma ya daɗe. Likita ya tambayi abin da nake ci, Rabi ta ciro robar daga jaka, don har nan ta riƙo mini. Ya juya bayanta ya karanta ƙananan rubutun da ban taɓa dubawa ba. Ya ce madarar ciki ba ta taka kara ta karya ba, yawancinsa sukari ne da ruwa da ƙamshi. Ya ce ba shi kaɗai ya kawo ciwon ba, amma fetur muke ta zuba wa wuta.

"Za mu gwada ceton ƙafar," ya ce. "Ban yi maka alkawari ba."

Na kama rigarsa, ni babba da gemu, ina kuka. Na ce in dole ne a yanke ta hagu. Tsoro ya sa na manta ita ma tana da aikinta a mota, kuma lafiyarta lau.

Kullum safe wankin ciwo, ana kankare mataccen nama ina cizon zane. Allurar insulin, ƙarin ruwa, awon jini. Magani ya cinye keken ɗinkin Rabi da awakinta. Mutumin gadon da ke kusa da ni aka fita da shi da ƙafa biyu, aka dawo da shi da guda. Daga ranar na daina kallon gefensa. Na ji tsoro, irin wanda ban taɓa ji a kan hanya ba.

Inna ta ƙi shigowa ɗakin. A gindin bishiya take wuni da carbi, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Ni na ba shi da hannuna." Wannan ya fi wankin ciwon yi mini zafi.

A ƙarshe yatsu biyu suka tafi, ƙafar ta tsaya. Alhamdu lillahi.

Na gode wa likitocin nan, da Rabi, da mutanen tasha. Ban riƙe kowa ba, ƙauna ce ta sa. Amma ina roƙonku: in ƙishirwa da fitsari da rama suka haɗu, ku je a auna jini. Ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa kada a zauna da shi gida. Kafen nan abin marmari ne, ba abinci ba. Kuma kafin ku kai wa mara lafiya abin da yake so, ku tambayi me ke damunsa.

Yanzu Inna a bakin ƙofa take zama, duk ledar da ta shigo sai ta buɗe ta gani. Jiya na ɗauke ta a mota, muka je bakin tafki muka dawo a hankali. Ƙafata kawai take kallo. Da na kashe mota na ce, "Inna, yatsu uku sun isa." Sai ta rufe fuska da mayafi.