Fankar da Ta Yi Azumi da Inna

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, Inna tana wurina a Gummi. Mun ɗauko ta daga ƙauyenmu na yankin Bukkuyum bayan zama can ya gagara, ta baro ɗakinta na soro, wanda ko rana ta take tsaka sai ka nemi mayafi. Gidana kuwa bulo ne da rufin kwano. Daga hantsi ɗaki ya zama tanda, bango ma ba ya jinginuwa.

A makon farko ta yanke jiki ta faɗi tana alwalar azahar. Likitan da ya duba ta bai ɓoye mana komai ba: ga tsufa, ga hawan jini, in ta sake faɗuwa dole ta ajiye azumi a riƙa ciyarwa. Sai da muka fito Inna ta dube ni.

"Tun da nis san kaina ban taɓa shan azumi don zahi ba," in ji ta. "Ba a gidanki zan fara ba."

Maganar ta soke ni, don gidan nawa ta kira.

Yayana da ke aiki a Gusau ya bugo waya ya ce a sa mata iyakwandishan, shi zai aiko. Na ce, Yaya, da wace wutar? A unguwarmu in aka kawo wuta har guɗa ake yi, kafin guɗar ta ƙare an ɗauke. Janareta kuma ƙararsa da hayaƙinsa kaɗai sun isa su kwantar da mai lafiya. Ya ce taurin kaina ya yi yawa, ni dai a bar ni da gardama. Gaskiyarsa, a nono na sha.

Na shiga kasuwa da kaina, shago shago. Fanka mai caji na gwada, na ji iskar zafin nan dai take kwasowa ta watsa maka a fuska. Daga ƙarshe na tsaya kan wata mai tankin ruwa a ƙasa, ana zuba mata ruwa ta riƙa huro iska mai danshi, kuma ƙaramar sola tana ɗaukarta. Aka kafa mini faifan sola a kan kwano, na cika tanki, na kunna. Wallahi har lumshe ido na yi. Na fita ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Da na dawo daga makarantar da nake koyarwa, na iske fankar a kashe, an juya fuskarta bango, Inna kuma tana zaune tana tsiyayar gumi da mafici a hannu.

"Inna, mi ya faru?"

"Abin ga ruwa yaka tofa min," ta ce. "Ina jin shi cikin hanci har maƙoshi. So kike in wuni da yunwa banza, azumi ya karye ban sani ba?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce danshi ne kawai, ba ruwa ba. Maigidana ya zo ya durƙusa ya ce ya tambayi malamai, ba komai. Ta ce ta ji, Allah shi yi albarka, amma ita da idonta ta ga an ɗura wa abu ruwa, kuma da yamma ta leƙa ta ga ruwan ya ragu. To ina ya tafi, in ba cikinta ba?

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na shiga madafa ina ta ƙunƙuni, tsoro kuma ya cika ni kada ta sake faɗuwa. A nan idona ya faɗa kan randa, na tuna yadda muka taso. A ƙauye, in bazara ta matsa, Inna takan yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa, ta jiƙa tsohon zane ta rataya a ƙofa, ta girke randa a kan jiƙaƙƙen yashi. Da azumi ma haka take yi, ban taɓa jin ta ce ya karya mata komai ba.

Washegari na tsiyaye tankin fankar tas a gabanta, na kife shi ta gani. Na sa aka kawo yashin gulbi aka zuba a kusurwar ɗaki, na girke randa a kai. Na sa aka shimfiɗa zana a kan kwanon ɗakinta. Sannan na ɗauko zanenta na saƙi, wanda ta zo da shi daga gida, na tsoma a ruwa, na matse, na rataya a taga, na ajiye fankar a gabansa tana jawo iska ta cikinsa.

Ta daɗe tana kallon zanen. Ta miƙa hannu ta taɓa shi.

"Haka Innata ka yi," ta ce, ta gyara tabarma ta kwanta.

Ni na san danshin nan da wancan duk ɗaya ne, amma na ja bakina na yi shiru, abin da ban saba ba. Kullum kafin in fita in jiƙa zane, in na dawo in sake jiƙawa. Hannuna har ya yi kanta wajen matsa. Inna ba ta sake faɗuwa ba. Ta riƙa barcin rana, ta tashi ta ja carbinta, har maƙwabta suka fara shigowa wai gaisuwa, su zauna ba su da niyyar tashi. Yaya da ya zo ya shiga ɗakin, ya dubi zane, ya dubi randa, ya ce, "Ke dai ba a iya miki." Na karɓa a matsayin yabo.

Ranar da aka ga watan sallah, bayan ta sha ruwa ta idar da magariba, ta kira ni. Ta nuna fankar da haɓa.

"Ɗiyata, ɗebo ruwa ki ba ta. Ita ma ta kai azuminta."

Na cika tankin har baki ina dariya, hawaye na zuba. Wannan ne azumin Inna na ƙarshe, kuma ko ɗaya ba ta sha ba. A gidana ta kai shi.