Abincin Yana Bayana, Surukina Ya Faɗi

A lokacin da abin nan ya faru ni likita ne a wani ƙaramin asibitin unguwa a Manchester, GP kamar yadda ake ce mana a nan, muna zaune a Withington da matata da yara biyu. Aikina kullum shi ne in dubi fuskar mutum in gane abin da ke damunsa kafin ya buɗe baki, kuma ina ji da kaina a kan haka. Mutum ɗaya ne ban taɓa duban fuskarsa ba, wato Baba, mahaifin matata. Tsohon injiniya ne, ya daɗe a Birmingham har furfura ta same shi a can, amma kunyar surukuta tana nan yadda ya taho da ita daga Kano. In na je gidansa sai in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, in koma wani ɗaki. Ban taɓa ganin ya kai loma bakinsa ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba.

Da bazara muka tafi hutu wani tsibiri a tekun Bahar Rum, matata ta nace a tafi da shi don ya sha iska. Mai masaukinmu ya ba mu labarin wata magangarar ruwa can cikin ƙauye, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ya ce baƙi ba su cika zuwa ba. Baba ya nuna yana so ya gani. Ƙaraminmu ya tashi da zazzaɓi, sai matata ta ce mu tafi mu biyu, ko ma saba da juna. Ta zuba burodi da dabino da lemo a jaka ta rataya mini, ta ce Baba ya yi allurarsa ta ciwon suga amma shayi kawai ya sha, in tabbatar ya ci wani abu a hanya. Na ce mata to, har da yi mata tsiya wai za ta koya wa likita aikinsa.

Mun bar mota a ƙarshen kwalta muka shiga wata siririyar hanya tsakanin itatuwan zaitun, ba kowa sai awaki. Rana ta yi zafi, hanyar duk duwatsu. Ina gaba yana baya, don ban iya jerawa da shi ba. Sau ɗaya na tsaya, idona a kan takalmina, na ce akwai ɗan abin taɓawa a jaka. Ya ce alhamdulillahi, a ƙoshe yake. Wallahi na san ba ƙoshi ba ne, don ni ma yunwa nake ji, kuma da shi ya tambaye ni amsar da zan ba shi ke nan. Abin da ya kamata in yi mai sauƙi ne, in ajiye masa jakar in ce zan zaga, in ba shi wuri. Sai na ji nauyin kada ya ga na gane yunwarsa, na ci gaba da tafiya da abincin a bayana.

Da muka isa, wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ruwa fari yana zuba cikin wani tafki mai sanyi, ƙararsa ta cika kunne. Baba ya ce zai yi alwala, muryarsa tana ɗan ja, ban ɗago ba. Na juya masa baya ina ɗaukar hoto. Ƙarar ruwan ta sa ko faɗuwarsa ban ji ba. Da na waiwaya yana kwance tsakanin duwatsu, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na rawa, yana kirana da sunan ƙanensa da ya rasu. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, kuma duk alamun faɗuwar suga da nake koya wa ɗalibai suna nan a kanta. Na tallafo kansa na ba shi lemo kaɗan-kaɗan, na ɓare dabino na sa masa a baki da yatsuna. Hankalinsa ya dawo, amma ƙashin ƙugunsa ya karye. Waya ba ta kamawa a wurin, dole na bar shi na hau tudu da gudu neman taimako.

An yi masa aiki a can, aka sake yi a Birmingham. Mutumin da ke takawa masallaci da ƙafarsa yanzu a kujera yake salla. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, yakan ce ƙaddara ce. Matata ma ba ta zarge ni ba, wannan ne ya fi gajiyar da ni.

Na gaji da juya abin a raina, shi ya sa na rubuto. Kunya tarbiyyarmu ce, ban ce a yar da ita ba, amma duk wanda aka damƙa wa dattijo mai ciwo, ya ɗaga kai ya dube shi, in ya ce ya ƙoshi kada a yarda. Yanzu duk Asabar nakan tuƙa mota zuwa Birmingham, in kai masa abinci da hannuna, in zauna a gabansa sai ya cinye. Yakan kau da kai gefen bango yana ci. Ni kuwa ba na tashi.