Katangar Inna Kaltumi

Duk wanda ya san lungun nan na kusa da kasuwar dabbobi ta Tawa ya san Inna Kaltumi, domin gidanta ne na farko in ka shigo daga titi. Ƴar Barmu ce, aure ya kawo ta birni. Mijinta Muktari mahauci ne. Da ya rasu ya bar mata ɗaki biyu na laka, da awaki huɗu, da katangar da ya gina da hannunsa. Ƴaƴanta maza suna Abijan wajen nema, ita kuwa tana nan tana dama fura a ƙofar gida.

Lungun matsattse ne, motar shara ba ta iya shiga. Saboda haka direba ya ce a riƙa tarawa a bakin lungu, jikin katangar Inna, su kwashe Talata da Juma'a. Shekara uku ana haka. Sai wata Talata, ana tsakiyar zafin bazara, mota ba ta zo ba. Juma'a ma shiru. Mutane kuwa ƙafarsu ta riga ta saba, kowace safiya sai su zo su juye su wuce.

Mako shida, tsibin sharar ya kai kafaɗar mutum, ya toshe kwatar da ruwan lungun duka yake bi ya fita titi. Ƙudaje sun kore mata masu sayen fura, amma ba wannan ya tayar mata da hankali ba. Ta san in ruwan sama ya sauko ya rasa hanya, a gindin katangarta zai kwanta, ɗakin da take kwana kuwa da katangar yake jingine.

Ta je wajen mai unguwa Ma'azu.

"Inna, a yi haƙuri," in ji shi. "Mun rubuta takarda. Sun ce mota ta lalace, ana jiran kayan gyara."

"Shi hadarin, ka rubuta mishi takarda shi jira?"

Ma'azu ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ranar Lahadi ta shiga kasuwa ta nemi Alhusaini, wani manomin Bambeye da ke kawo kara a amalanke ya koma wayam. Lokacin haƙa tassa ne, ƙananan ramukan nan da manoman Adar ke yi a fako, su zuba taki a kowane rami kafin shuka. A lokacin nan taki ya fi ƙarfin mai ƙaramar dabba. Da ta ce masa akwai tsibi guda kyauta, bai tsaya tambaya ba. Ya zo ya cika amalanke ya tafi yana sa mata albarka.

Lahadin da ta biyo ya dawo fuska a murtuke.

"Inna, mi na yi miki? Leda, fasasshen kwalba, batir! Tunkiyata ta haɗiye leda, kwana uku ba ta tuƙa. Wanga ba taki ba ne."

Ta san laifinta ne. Ta auna sharar birni da ta gidan ubanta a Barmu, inda abin da tsintsiya ke tarawa toka ne da ƙaiƙayi da kashin awaki.

"In na tsince fa?"

"In kin tsince, har maƙwabtana in kawo miki. Amma ke kaɗai, wanga dutsi?"

Washegari da hantsi matan lungu suka fito da bokitansu, suka tarar da ita zaune kan kujerar tsugunno a gaban tsibin, da manjagara a hannu, da buhuna a gefe. Ta ce daga yau duk mai zubawa sai ta tsince a gabanta: toka da kashin dabbobi nan, leda da kwalba cikin buhu. Raƙiya, maƙwabciyarta, ta yi gunaguni ta tsuguna. Sauran suka bi.

Sai ga Latifa, matar wani malamin makaranta da aka turo daga Damagaram. Ta juye bokitinta a kan tsibin ta juya.

"Ɗiyata, dawo ki tsince."

"Haba Inna! Inda kowa ke zubawa na zuba. Ni ba na wasa da shara."

Inna ta miƙe, ta kwashe abin da Latifa ta zuba tas cikin kwando, ta ɗora a ka, ta bi ta har gida na shida, ta juye mata a zaure. Har da ɓawon ƙwai.

"Ga ajiyarki. Ni ma ba ni wasa da ita."

Kafin azahar ƙara ta kai ga mai unguwa, ya zo da kansa.

"Inna, wa ya naɗa ki sarauniyar juji?"

"Wanda ya hana motarku zuwa. In ɗakina ya faɗi, gidanka zan kwana? Ka gaya ma uwargida ta share mini ɗaki."

Mata suka tuntsire da dariya. Ma'azu ya gyara rawani ya ce a dai bi a hankali.

Tsohon tsibin shi ne aikin. Inna ta daina dama fura, tana tona tana tsincewa daga safe har rana ta take. Kwalba ta yanke ta a tafin hannu, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Kunya ta fito da Raƙiya, sannan wasu uku. Rana ta biyar Latifa ta zo da safar hannu ta roba, ta tsuguna ta shiga tsincewa.

"Madam ta zo yi wa juji tiyata," in ji Raƙiya.

"Ki yi a hankali, ke ce ta gaba," Latifa ta mayar.

Alhusaini ya cika alkawari, ya zo da amalanke uku. Sai da ya tura hannu cikin takin har gwiwar hannu, ya murza, kafin ya ce a loda.

Ruwa bai jira su gama ba. Wata Alhamis da la'asar gabas ta yi baƙi, sauran tsibin yana bakin kwata. Inna ta ɗaura zane a ƙugu ta fita da hauya cikin ruwan, tana jan shara, ruwan lungu yana dukan ƙwaurinta. Ya taru a gindin katanga, ya fara cin laka. Sai toshiyar ta ɓalle, ruwan ya kwarara titi da ƙarfi. Ya ci gindin katangar kamar taƙi guda, amma tana tsaye.

Bayan kwana tara mota ta zo. Direba ya sauko, ya ga buhunan leda ɗaure a jere, ya ce madalla, a ci gaba da tarawa nan yadda aka saba.

"Nan kam an gama," in ji Inna. "In ka zo ka danna oda, mu fito maka da ita, kai da motar. In ba ka zo ba, kowa sharatai tana gidanai."

Direba ya dubi mai unguwa. Mai unguwa ya dubi takalmansa. Inna ta ce da Raƙiya ta miƙo mata ruwa, ta tsuguna ta fara kwaɓa lakar da za ta yaɓe gindin katanga.